Tabarmar Ido

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Barmo ɗan Tunau, Sarkin Ƙirya, damina ta yi ƙarfi har Gulbin Kyauro ya cika ya batse. Mutanen birni suka saki jiki, don kowa ya san Garangawa, abokan gabarsu na hayin gulbi, ba su da jirage. Mashigi ɗaya ne doki ke iya ratsawa a irin wannan lokaci, wani tudun yashi a ƙarƙashin ruwa mai sauya wuri kowace shekara. Mutum biyu kaɗai suka san inda ya koma bana: Cindo mai fito, da Barde Arzika wanda tsaron gulbin ke wuyansa.

Duk da haka, wata ranar Talata da hantsi, Garangawa suka ratso ta wannan mashigi. Suka auka wa masu gadi suna kiwon dawaki, suka kashe mutum arba'in da ɗaya, suka koma ba wanda ya tare su. Barde ba ya bakin gulbi a ranar, yana cikin birni. A cikin waɗanda aka kwaso a makara akwai Nomau, ɗa namiji tilo na Alƙali Tanimu.

Dogarai suka kamo Cindo, aka kai shi gidan Galadima Bagudu. Bayan kwana uku Galadima ya fito da takarda. Cindo ya amsa cewa shi ya nuna wa Garangawa hanya, amma Barde ne ya sa shi, da alkawarin zai naɗa shi Sarkin Ruwa ranar da birni ya faɗi. Sarki ya ba Cindo aman, wato alkawarin ba za a kashe shi ba, saboda ya yi magana, Barde kuwa aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa.

Ranar bakwai aka tara fada. Da aka buga tambari don fitowar Sarki, sai fatarsa ta tsage tun bugun farko. Fadawa suka kalli juna, Galadima ya ce a fili, "Tambari ma ya ƙi magana, don maci amana yana numfashi a cikin ganuwa."

Alƙali Tanimu yana zaune a wurinsa. Kwana bakwai ke nan bai ci abincin kirki ba. Da aka shigo da Barde, ƙarfe yana ƙara a ƙafarsa, Alƙali ya dubi wuyansa mai kauri, ya ji yana son ya ga inda takobin hauni zai sauka. Shi da hannunsa ya wanke Nomau, ya ga mashin ta baya ya shiga. A zuciyarsa bai taɓa shakkar Barde ne ba.

Magatakarda ya karanta takardar Cindo daga farko har ƙarshe. Sarki ya juyo, idonsa jawur.

"Alƙali, ka ji. Yanke, mu wuce wurin."

Alƙali ya gyara zama, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na ji takarda. Ina mai maganar?"

"Ga maganarsa an karanta maka," in ji Galadima.

"An karanta mini tawada, Galadima. Na ce ina bakin da ta fito. A kawo tabarma."

Tun kafuwar Ƙirya akwai wata tsohuwar tabarmar kaba da alƙalai ke gādo, ana ce mata tabarmar ido. In mutum ya ɗora wa wani laifin da ake kisa a kansa, a kanta ake zaunar da su biyun, gwiwa da gwiwa. Mai zargi ya maimaita abin da ya faɗa yana kallon idon wanda yake zarga, shi kuma ya yi masa tambaya uku. Sai bayan haka alƙali ke buɗe baki.

Galadima ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Allah gafarta Malam, tabarma ta kwanakin lafiya ce. Yau Garangawa na wasa māsu a hayi. Kuma Cindo talaka ne, wannan kuwa Barde ne. In ka zaunar da ɓera gaban kyanwa ka ce ya yi magana, me kake jira ka ji? Mutumin da ya amsa laifin da zai kai shi ga hauni, me zai sa ya yi ƙarya?"

"Aman zai sa shi," Alƙali ya ce. "Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwana uku yana gidanka. Da an ce masa ya ambaci Liman, da yanzu Liman ne a cikin mari."

Liman ya zabura ya ce, "A'uzu billahi! Malam Tanimu, ka nemi wani misalin."

Wasu suka ƙunshe dariya, amma Sarki bai yi ba. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tanimu! Na ba Cindo alkawari ta bakin Galadima cewa idonsa ba zai sake haɗuwa da na Barde ba. Kana so a ce Sarkin Ƙirya ya yi magana biyu?"

"Zaki, alkawarin da aka ɗauka da abin wani ne. Ganin mai zarginsa haƙƙin Barde ne, ba na Sarki ba, balle a yi kyauta da shi."

Galadima ya miƙa hannu yana nuna shi. "Ku ji fa! Ƙasar kabarin ɗansa ba ta bushe ba, yana tsaya wa wanda ya kashe shi. Wane irin uba ne wannan?"

Maganar ta soki Alƙali har ya ji duhu ya rufe masa ido. Ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarki.

"Kada ka ƙara sa Nomau a bakinka, Bagudu. Ba wanda ya kai ni son ganin kan mutumin nan a ƙasa. Wallahi da ni ne hauni, da ban jira an wasa takobi ba. Don haka nake tsoron kaina. In na kashe shi da takarda, gobe da takarda za a kashe kowa a zauren nan, kuma jinin ɗana zai zama abin da aka fara da shi. Sarki na da iko ya sa a sare shi yanzu, ba mai hana shi. Amma kada a ce Alƙalin Ƙirya ne ya yanke. Ga rawanin, in ana so."

Ya kai hannu zai warware. Hakimai suka shiga ba da haƙuri, kowa na faɗin tasa. Sarki ya daɗe yana huci, don ya san mahayan gulbi na son Barde, in aka kashe shi ba da bakin alƙali ba, ba zai iya rantsuwa a kan biyayyarsu ba. Can Galadima ya sunkuya ya ce akwai mafita. A kafa zana a tsakiyar tabarma, Cindo ya zauna a bayanta. Barde ya ji murya ya yi tambayoyinsa, ido bai ga ido ba, alkawarin Sarki bai karye ba.

"Rabin tabarma ke nan," in ji Alƙali.

"Rabin da za ka samu ke nan," Sarki ya ce. "Zauna."

Barde, wanda bai yi magana ba tun shigowarsa, ya ɗago kai. "Na yarda, ranka ya daɗe. A kawo shi ko a cikin tulu ne."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kafa zana. Bayin Galadima suka shigo da mutum ta ƙofar baya, lulluɓe da bargo, suka zaunar da shi. Murya ta fito daga bayan zana, a dishe, tana maimaita abin da ke cikin takarda. Alƙali ya kasa kunne, sai ya ji wani abu ya tsaya masa a rai. Kalma bayan kalma, yadda magatakarda ya karanta, haka mutumin ke faɗa, ko tuntuɓe babu. Shekara ashirin yana sauraron masu shaida, bai taɓa jin wanda ya ba da labari sau biyu iri ɗaya ba, sai mai hadda.

Barde ya ce, "Cindo, a ina na same ka da wannan magana?"

"A gindin ɓauren da nake ɗaure goruna, ranar Lahadi da la'asar."

"Wa ya gan mu?"

"Ba kowa. Kai ka ce in sallami masu jiran fito."

Galadima ya gyaɗa kai yana duban Sarki. Saura tambaya ɗaya. Barde ya ce, "Takarda ta ce mun yi musafaha a kan alkawari. Miƙo hannun da na riƙe, in gani ko zan gane shi."

"Wannan ba tambaya ba ce!" Galadima ya daka tsawa.

"Sarki ya yi alkawari a kan ido," Alƙali ya ce, "bai yi a kan hannu ba. Miƙo."

Aka jima, sannan hannu ya leƙo ta ƙarƙashin zana. Barde bai ko taɓa shi ba.

"Allah gafarta Malam, ƙirga. Duk wanda ya taɓa biyan fito a gulbin nan ya san dalilin da uwarsa ta sa masa suna Cindo. Shida ne a dama, shida a hagu."

Alƙali ya duba. Yatsu biyar, ko tabon na shida babu. Bai nemi izinin kowa ba, ya kama zanar ya fizge ta, ya yaye bargon. Wani ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, ya kife fuska a ƙasa. Shamaki, mai kula da dawakin Sarki, ya ce, "Af! Wannan ai Shekarau ne, mai yankan ciyawar dawakin Galadima."

"Ina Cindo?" Sarki ya tambaya, a hankali ƙwarai.

Shekarau ya fashe da kuka. "Zaki, a yi mini rai. Ya mutu tun ranar Alhamis, a turken da aka ɗaure shi. Ni na haƙa ramin a bayan barga. Aka ce in ban haddace ba zan bi shi."

Ranar Alhamis, takarda kuwa ranar Juma'a ta fito. Galadima ya zube yana rantsuwa cewa Cindo ya faɗi maganar kafin ya cika, tsoron fushin Sarki ne ya sa ya ɓoye mutuwar. Sarki ya ce a cire masa rawani a tsare shi. Sannan ya dubi Alƙali.

"To, Barde fa?"

Alƙali ya dubi Barde. Ƙaryar Galadima ba ta wanke Barde ba. Mutum biyu suka san mashigi, ɗaya yana rami, ɗayan ga shi zaune. Amma ya ce, "Ba mai zarginsa a raye, ba shaida. A cire mari." Ya juya ga Barde. "Ban ce ba ka yi ba, Arzika. Na ce ba wanda ya faɗa a idonka."

"Na ji, Malam," in ji Barde.

Maƙeri bai gama kwance marin ba sai ga manzo ya faɗo zaure, laka har gwiwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa a gurguje, ya ce Garangawa sun taru a hayi, dawaki sun fi dubu, da tutoci, wannan karon ba hari suka zo ba, birni suke so. Aka shiga kallon-kallo. Waɗanda suka ga inda Garangawa suka ɓullo ranar Talata duk suna kabari. Tsawon bakin gulbin tafiyar yini ne, mutum ɗaya tak ya rage a Ƙirya da ya san inda za a tare su.

Sarki ya tashi tsaye. "Barde, ɗauki dawaki ɗari huɗu da 'yan baka. Kai kuma Tanimu, kai ka kwance shi, kai za ka bi shi. In ya miƙa mu ga Garangawa, ina so ka gani da idonka kafin su yanka ka."

Alƙali ya koma gida ya ɗauko takobin Nomau, ya hau alfadarinsa, ya bi rundunar. Bai taɓa zuwa yaƙi ba, bai kuma yi wa Barde magana ba duk tsawon hanya.

Suka isa gulbi rana ta karkata. Ga Garangawa can a hayi, baƙi ƙirin kamar fāra. Barde ya dubi ruwa, ya dubi wata tsamiya, sai ya ba da umarnin da ya tayar wa Alƙali hankali. Ya ce kowa ya ja da baya, a bar gaɓa fayau, a shige cikin gamba a kwantar da dawaki. Garangawa suka ga ba kowa, suka fara shiga ruwa bibbiyu. Na gaba suka wuce rabi, Barde bai motsa ba. Na gaba suka taka gaɓar Ƙirya, goma, ashirin, hamsin, Barde yana tsugune yana tauna tsinke.

Alƙali ya zare takobin ɗansa, ya ɗora kaifin a wuyan Barde. "Haka ka yi ranar Talata, la'ananne? Haka ka bar su suka hau?"

Barde bai waiwayo ba. "Malam, hannunka na rawa, za ka yanke ni ba da niyya ba. In za ka sare ni, bari tutar Jarmansu, jagoran yaƙinsu, ta kai tsakiya. Ga ta can."

Tutar ta kai tsakiya. Barde ya ture takobin da yatsa, ya miƙe ya yi kururuwa. Kibau suka tashi daga cikin gamba suka rufe mashigin. Tudun yashin bai fi faɗin doki biyu ba, na gaba suka juya, na baya suna turowa, duk dokin da ya goce taki ɗaya sai ruwa ya haɗiye shi da mahayinsa da lifidinsa. Waɗanda suka riga suka hau gaɓa, Barde ya auka musu da dawaki ɗari huɗu, ya matse su da gulbi. Kafin rana ta faɗi ruwan Kyauro ya tafi da abin da ya fi rabin rundunar Garanga, aka kamo Jarmansu da rai, an tsamo shi yana amai da ruwa.

Washegari a hanyar komawa, Alƙali ya matso da alfadarinsa kusa da dokin Barde.

"Ina kake ranar Talata?"

"Unguwar maƙera. Galadima ya aiko a ce in zo in duba māsun da aka ƙera. Maƙera goma sha biyu sun gan ni." Barde ya tofar da tsinken bakinsa. "Kwana huɗu ina cikin mari, ba wanda ya tambaye ni, har kai."

Alƙali ya ja linzami ya koma baya.

Aka shiga birni da kiɗa da guɗa. A fada aka gurfanar da Jarman Garanga, Sarki ya ce masa in ya faɗi wanda ya sayar da mashigi zai koma gida da kansa a wuyansa. Jarma ya dubi zauren. Ya ga Barde a zaune kusa da Sarki, ya ga Galadima a gefe ba rawani, dogarai biyu a kansa. Ya ce, "Cindo ne ya nuna mana, da saƙon wancan mara rawani."

Zaure ya ɗauka da ihu. Sarki ya ce, "A kira hauni! A ƙofar fada, yanzu, kowa ya gani!"

Alƙali Tanimu yana zaune, takobin Nomau a kan cinyarsa. Komai ya haɗu a kansa: saƙon da ya janye Barde daga gulbi, mutuwar Cindo a turke, muryar bayan zana. Wannan ne ya sa aka soki ɗansa ta baya, kuma wannan ne ya tsaya a zauren nan ya tambaye shi wane irin uba ne shi. Abin da ake nema gare shi kawai ya yi shiru na ɗan lokaci, dogarai su gama jan mutumin zuwa ƙofa. Amma ya ga inda idon Jarma ya bi kafin ya buɗe baki. Kuma kwana biyu da suka wuce, haka ya tabbata a kan Barde.

Ya ajiye takobin a ƙasa. Ya miƙe.

"Allah ya ja zamanin Sarki. A kawo tabarma."

"Tanimu!" Sarki ya yi tsawa. "Ka haukace? Wannan ne ya kashe ɗanka!"

"Mai yiwuwa, Zaki. Jinin Cindo da ƙaryar zana, waɗannan mun gani, zan yanke masa a kansu ko yau. Amma mashigi, bakin mutum ɗaya muka ji, shi ma an yi masa alkawarin kansa, kuma ya faɗa yana duban Sarki, bai dubi wanda yake zarga ba."

Ba dogarin da ya motsa. Sai Alƙali ya taka da kansa zuwa inda tabarmar ke jingine, ya ɗauko ta, ya shimfiɗa a tsakiyar zaure. Ya nuna wa Jarma gefe ɗaya. Sannan ya dubi Galadima, ya daɗe yana dubansa.

"Zauna, Bagudu. Tambaya uku gare ka. Ina roƙon Allah kada ko ɗaya ta amfane ka, amma naka ne. Yi."